Hular Malome da Tukwi Mai Yagaggen Kunne

A garinmu, can inda kwalta ta gaji ta bar wa yashin Kalahari hanya, in ka ce kana neman Kenosi sai mutane su yi ta kallon juna. Wane Kenosi kuma? Amma ka ce Rra Masedi, wato baban Masedi, ko akuyar da ke kan juji sai ta ɗaga kai ta nuna maka gidan. Haka muke. Da mutum ya samu ɗan fari, sunansa na haihuwa ya tafi hutu ke nan, da sunan ɗan za a kira shi har kabari. To wannan sunan ne aka tashi ƙwace masa a daminar da Masedi za ta yi aure, kuma saura ƙiris wata dabba mai cin gara ta biya da fatarta.

Ɗan firit ne, ƙafafu kamar sandar kiwo, kunnuwa kuwa Allah bai yi masa rowa ba. A ruga aka haife shi, a ruga ya tashi yana bin shanun wasu. Makaranta ya leƙa ta, ita ma ta leƙa shi, suka rabu ba faɗa. Abin da ya sani a ruga ya koya, kuma babban malaminsa tukwi ne.

Wanda bai san tukwi ba, in ya hango shi da magariba sai ya ce kura ce ta yi jinya ta rame. Ga baƙin zane a jiki, ga baya a zube, ga geza tun daga ƙeya har jela, amma girman bai wuce na dila ba. Buɗe bakinsa ka sha dariya. Ban da fiƙoƙin gaba, sauran haƙoran 'yan tsinke ne jefi-jefi kamar na tsohuwa, ko ƙashin kaza ba za su fasa ba. Duk dukiyarsa harshe ne, faffaɗa mai yauƙi. Sauran makiyaya na ɗana tarkon zomo, Kenosi na kwance rub da ciki bayan suri yana kallon tukwi na tafe kai a ƙasa, kunnuwa a gaba, yana sauraron gara tana yankan ciyawa. I, sauraro! Da ya ji ta sai ya tsaya ya shiga lasa, lak-lak-lak, da gara da yashi duk su wuce. Ba ya fasa suri kamar dabgi. Da sojojin gara sun fito sun fara fesa masa ɗacinsu, sai ya girgiza kai ya ƙara gaba, ya bar saura su hayayyafa kafin ya sake zagayowa. Gida ma in da hali ba ya haƙawa, ramin da dabgi ya bari shi ne nasa.

"Kura ba nama, gida na aro, ga wari," in ji abokan kiwonsa. "Kenosi, ɗan'uwanka ne." Shi ko a jikinsa.

Yana saurayi yana kawo kindirmo gari a kan jaki, sai wata 'yar garinmu, Seipone, ta dawo daga Lobatse da jaririya a hannu. Uban jaririyar, Otsile, wani dogo mai ƙirji da muryar rediyo, ya tsallaka iyaka aikin ma'adinai ya manta hanyar gida. Jaririyar kuwa, Masedi, kuka take kamar an aiko ta. Uwa ta yi jijjiga, kaka ta yi waƙa, a banza. Ran nan Kenosi ya sauke kindirmo, Seipone ta ce, "Rra, riƙe mini wannan masifar in ɗauko ƙwarya." Ya riƙe. Shiru. Yarinya ta damƙi kunnensa da hannu biyu ta yi barci. Daga ranar kindirmo bai sake yankewa a gidan ba, kuma ba a jima ba aka fara ganin namiji da ɗan gemunsa yana ratsa gari da goyo, an ɗaure da bargo, yana hirar awaki kamar ba komai. Gari ya samu abin dariya. Mai Goyo, in ji maza a wajen shan giyar dawa.

Da manyansa suka je neman aurenta, a nan aka yi kuskuren da ya kwanta shekara da shekaru yana jira. In za ka auri mace mai ɗa, dole a faɗa da baki a gaban dattawa cewa da uwa da ɗa ake so, a ƙara saniya da sunan ɗan. In ba a faɗa ba, ɗan na dangin uwa ne, kawunsa ke da ta cewa. Ango ba ya zama a wannan taro, don haka Kenosi na bayan shinge da Masedi a baya, yana kai da kawo yana jijjiga kada ta yi kuka ta katse wa manya magana. Ya kuwa iya aikinsa. Ko tari ba ta yi ba. Da ta yi 'yar ƙara ɗaya, da wani tsoho ya ce, af, yarinyar fa? Amma shiru. Aka gama, aka yi guɗa, aka ci dakakken nama, ba wanda ya tuna. Kowa ya saba ganinta a bayansa, kowa ya ɗauka an rufe wannan magana tun tuni.

Seipone ta samu aikin girki a Jwaneng, sai ƙarshen wata take zuwa. Shi ya zauna. Ya yi kiwon awakinsa a bakin gari, ya tuƙa tuwon dawa, ya yi wanki, ya yi wa Masedi kitson da malamanta suka roƙe shi ya daina. Aka haifi ƙannenta maza biyu, su ma bayan nan suka hau. In an tsokane shi sai ya ce, "Ku je ku tambayi tukwi. Matar ce ke fita kiwo, shi yana bakin rami." Ba wanda ya je ya tambaya.

Bayan shingen awakinsa akwai fili mai jan suri birjik, kuma tukwi bai taɓa yankewa a nan ba, in wani ya mutu wani ya gaje. Na wannan zamanin wani tsamurarre ne da dila ya yaga wa kunnen hagu. Kenosi na ce masa Maƙwabci, kuma ya san komai nasa. Ya san inda yake tona wurin bayan gida ya rufe da yashi kamar mage. Ya san karan ciyawar da yake shafa wa baƙin maiƙon nan na ƙarƙashin jela don a san gonarsa ce. Da sanyin Yuli, don mu a nan kudu Yuli ne hunturu, lokacin da gara ke shigewa ƙasa, Maƙwabci kan rame har haƙarƙari su fito, ya daina jiran duhu, ya fito da la'asar neman wata garar mai fita da rana.

A irin wannan la'asar ce Kenosi ya ga abin da bai gaya wa kowa ba. Wani ƙaton tukwi mai faffaɗan zane ya ƙetaro busasshen rafi, ya bi karan ciyawa ɗaya bayan ɗaya yana shafa warinsa a kan na Maƙwabci, ba kunya ba tsoro. Aka yi gurnani, aka tada geza, aka durƙusa a gwiwa aka yi 'yar kokawa. Ƙaton ya fi ƙarfi. Matar Maƙwabci ta bi ƙaton suka shiga ciyawa, Maƙwabci na tsaye yana kallo. Da aka gama ƙaton ya koma inda ya fito, ko waige. Kenosi ya daɗe zaune a kan suri ranar, har awaki suka kai kansu gida.

Damina ta sauka, Disamba ta kama, 'yan birni suka fara dawowa hutu. Masedi ta zama budurwa mai aiki a wani kantin magani a Kanye, wani malamin makaranta daga Molepolole ya ce zai turo manyansa. Sai ga Otsile! Ya dawo da tumbi, da haƙorin gwal, da babbar mota mai ɗaukar siminti. Bai leƙa gidan Kenosi ba. Kai tsaye ya wuce wajen Rapula, yayan Seipone, wanda duk gari ke ce wa Malome, wato kawu, don rabin garin 'ya'yan ƙannensa ne. Wani ya raɗa wa Otsile zancen maganar da ba a faɗa ba. Buƙatarsa ɗaya: yarinya jininsa ce, shanun aurenta shingensa za su shiga. Kowa kuwa ya san shingen da shanu suka shiga, mai shi ne uba. Shi za a kira Rra Masedi, shi jikoki za su ce wa kaka. Kenosi sai dai ya koma amsa sunan ƙanenta, ya zama Rra Pako da furfura a kansa, kamar wanda aka sauya wa fuska yana barci.

Malome tsoho ne mai son a roƙe shi. Ya tara su biyun a gindin bishiyar ƙofar gidansa, ya shafa sanƙonsa.

"Kun ga kan nan? Rana ta dafa shi, ba ya iya tuna komai. Ubana ya bar mini hular fatar tukwi, mai geza a tsaye, in na sa ta sai tunani ya yi ta zuba. Na rataye ta a ɗaki, gara ta cinye."

"Ta rama wa 'yan'uwanta," in ji Kenosi. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Yi dariyarka, Mai Goyo. Ran Asabar baƙi za su zo. Wanda ya rufe mini kai da tukwi kafin nan, shi kaina zai tuna."

Otsile ya yi dariya har gwal ya haska. "Malome, bari in kawo maka hular manya daga Gaborone, mai gashin tsuntsu a gefe."

"Ka kai wa tsuntsun. Tukwi na ce." Ya juya ga Kenosi yana kanne ido. "Kai kuwa an ce kana da ɗaya a bayan shinge, har gaisawa kuke."

Kenosi ya koma gida. Ya san abin da Malome bai sani ba: akwai 'ya'ya a ramin, sun fara leƙo waje, kuma 'ya'yan tukwi in ba uba a bakin rami, dila ba ya barin ko ɗaya. Ya zaga daji neman wani tukwin da ba su san juna ba, bai samu ba. Ya je wajen dukawa, suka ce mutanen Otsile sun riga shi tambaya, su ma babu. Ya dawo ya tsaya yana kallon tsohon bargon goyon da ke rataye a ƙusa. Ran Laraba da la'asar ya je ya yi tsaye a ƙofar Malome.

"Rra, na san ramin. Amma hannuna ba zai iya ba. Taso da karyarka, ni in nuna, kai ka yi."

"Yau ka yi magana irin ta maza," in ji Malome. Ya ɗauko kulki, ya ɗaura wa Pitsa igiya, wata karya mai faɗin kai da dila ke gudun warinta.

Suka zagaya ta inda iska ba za ta tona musu asiri ba, suka kwanta bayan suri. Rana ta yi ja. Malome na ƙorafin gwiwa, cinnaku na shiga wandonsa.

"Ina yake? Ko ka kawo ni ne cinnaku su cinye ni ka huta?"

"Shh. Ga uwar."

Ta fito, ta yi miƙa, ta shinshina iska, ta nufi fili kai a ƙasa, ko waiwayen ramin ba ta yi ba.

"Ina za ta?"

"Aiki."

"'Ya'yan fa?"

Kenosi ya nuna da leɓe. Maƙwabci ya fito ya kwanta a bakin rami, haɓa a kan ƙafafu. Sai ga 'yan kawuna uku, kunnuwa sun fi su girma. Suka hau bayansa, ɗaya ya kama yagaggen kunnen yana ja. Malome ya fara kwance igiya. Kenosi ya rufe ido. Sai ya ji tsohon ya damƙe masa hannu.

"Kai, kai, duba can!"

Dila ne, har biyu. Sun rabu, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, suna tafe kamar masu wucewa kasuwa. 'Ya'yan suka zube cikin rami. Maƙwabci ya miƙe. Jama'a! Wannan tsamurarren abu da za ka ɗauka da hannu ɗaya, sai gezar nan ta tashi tun daga ƙeya har jela, ya juya gefe, ya zama biyunsa. Ya buɗe baki ya saki wani ruri da ba ka ce daga wannan ƙirjin ya fito ba. Pitsa kanta sai da ta ja baya. Maƙwabci ya yi kan na gabas kamar an harba shi, ƙura ta tashi, dila ya ba da baya. Na yamma kuwa abin da yake jira ke nan, ya miƙe sak sai rami.

"Bayanka! Bayanka, ɗan banza!" Malome ya manta abin da ya kawo shi, yana ihu cikin raɗa yana dukan cinyarsa. "Ya zagaye ka!"

Ko ya ji ko bai ji ba, Maƙwabci ya yi wata irin juyawa, yashi ya watsu, ya iso bakin rami daidai dila ya sa kai. Ya cafki cinyarsa da fiƙoƙin nan da gara ba ta taɓa gani ba. Ƙara, ƙura, gashi a iska! Dila ya fice da ƙafa uku, ɗan'uwansa na gaba. Maƙwabci ya raka su kaɗan, ya dawo a guje ya leƙa ramin, sannan ya kwanta inda ya tashi, haƙarƙari na sama da ƙasa.

Malome na haki kamar shi ya yi faɗan. "Uba ke nan! Ka gani? Jini ne ke sa haka, Mai Goyo. Ba laifinka ba ne, amma jini daban ne."

"Ba nasa ba ne."

"Me?"

"Da sanyi wani ƙato ya ƙetaro rafi. A gabana aka yi. Dubi faɗin zanen 'ya'yan in sun sake fitowa."

"Shi ya sani?"

"Yana tsaye, Rra."

Malome ya dubi dabbar, ya dubi mijin ƙanwarsa, sai ya kece da dariya marar sauti har hawaye. "Ashe wawayen biyu ne a garin nan." Ya share ido. "To, wawa ko mai wayo, fatar ɗaya ce. Pitsa, kama!"

Abin da ya biyo baya, Kenosi ya ce bai san ya yi ba. Karya ta zabura, shi ma ya zabura, ya faɗa mata a baya ya rungume wuyanta suka yi ta birgima. Igiyar da ba a gama kwancewa ba ta naɗe ƙafar Malome ta fizge shi, tsoho ya tafi da baya ya zauna daram cikin sarƙaƙiya. Maƙwabci ya saki warin nan nasa na ranar tsoro, mai sa ido hawaye, ya shige rami. Iska kuwa ta juyo ta kawo musu shi duka.

"Wayyo! Ka kashe ni! Cire ni, ɗan banza mai kunnen jaki!"

Da ƙyar Kenosi ya zare shi, ƙaya ɗaya-ɗaya. Da suka kai bakin gari Malome ya juyo ya dube shi.

"Ka zaɓa ke nan," ya ce, ya ɗingisa gida.

Masedi da uwarta suka iso ran Juma'a. Labari ya tarye su tun a tashar mota.

"Baba, da gaske ka jefa Malome cikin ƙaya saboda kura mai cin gara?"

"Ba kura ba ce. Kuma igiya ce ta jefa shi."

Seipone ta riƙe kai. "Tun yaushe nake gaya maka dabbar nan za ta ja mana? Kai ko 'yarka ba ka tuna ba?"

"Ita na tuna, uwar Masedi," ya ce a hankali.

Masedi ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta ja kunnensa kamar yadda ta saba. "Su kora shanun cikin motar siminti in sun so. Ni dai na san bayan da na jiƙa."

Ya yi dariya, amma ya san a dandalin maza ba a tambayar amarya. Ga wani abin kuma na cinsa: tun ranar ƙaya ramin ya zama kango. Tukwi in an dame shi yakan kwashe 'ya'ya ya sauya rami, wannan ya sani. Amma ya kuma san mutanen Otsile na yawo da karnuka.

Asabar da sassafe baƙi suka iso, maza cikin kwat, mata da mayafi a kafaɗa. Maza suka zauna a dandalin ƙofar shingen Kenosi. Kenosi na gefe cikin wata kwat ta aro da kafaɗunta suka wuce nasa da taƙi guda. Otsile ya zauna daura da shi yana ƙamshin turare. Sai ga Malome yana ɗingishi, a kansa hular tukwi sabuwa fil, geza a tsaye, ko jimar fatar ba a gama ba, ƙudaje na yi mata rakiya.

Sau biyu gaban Kenosi ya faɗi, ɗaya don Masedi, ɗaya don mai fatar. Malome ya zauna a gefe guda na kujera, ya cire hular kamar yadda ake yi a dandali, ya ɗora a gwiwa yana shafawa. Kenosi ya miƙa wuya yana neman kunne. Baduku ya yanke kunnuwan.

Babba a cikin baƙin ya yi gyaran murya ya ce sun zo roƙon ƙwaryar ruwa, kamar yadda ake faɗa in ana neman mace. Aka yi ta kai da kawo, aka amince. Sannan ya yi tambayar da duk gari ya fito ji: "To, Rra, wane shinge za mu kora shanun?"

Malome ya kori ƙuda, ya yi tari.

"An ce ranar da aka ba da Seipone ba a ambaci yarinya ba. Gaskiya ne, ina zaune. Otsile ya ce jininsa ce. Shi ma gaskiya ne, ku dubi goshin. Ya kuma rufe mini kai, ga shi a gwiwata." Otsile ya gyara zama, gwal ya leƙo. "Yarinya a hannuna take, in ba wanda na so. Sai dai ni tsoho ne, kuma ran Laraba na je karɓar wani abu da mutumin can yake gadi. Da ba don baƙi ba da na nuna muku abin da na samo. Har yau da gefe ɗaya nake zama. Wannan fa a kan 'ya'yan dabba ne, 'ya'yan ma ba na dabbar ba. Ni kam na gama karɓar abu a hannun Mai Goyo. Otsile, ga ka da ƙirji. In kana so, tashi ka karɓa da kanka."

Kenosi bai san ya miƙe ba. Kawai ya ga kansa tsaye a ƙofar shingensa, ya juya gefe, kafaɗun kwat sun tashi har kunne, furfurar ƙeyarsa a tsaye. Sai wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa da shi kansa bai san yana da shi ba.

Otsile ya ɗaga rabin jiki daga kujera. Ya dubi ɗan mutumin nan da zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Ya dubi dattawa, kowa na kallon takalminsa. Ya hango Masedi ta tagar ɗaki, idonta ba a kansa yake ba. Sai ya koma ya zauna, ya shiga gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"To kun gani," in ji Malome. "Shingen Rra Masedi. Kuma tunda ba a faɗa ba wancan karon, yau na faɗa: da uwa da 'ya muka ba shi. Saniyar da ba a ƙara ba kuwa, ya zaɓo mini mai ƙiba daga cikin waɗannan."

Guɗa ta tashi daga bayan shinge har awaki suka tsorata. Seipone ta jefar da ludayi tana rawa.

"Hulata fa?" in ji Otsile.

"Wace hula? Ai ta riga ta saba da kaina."

Aka ci, aka sha. La'asar na yi aka nemi uban amarya aka rasa. Yana can fili da kwat ɗin aro, yana bin karan ciyawa yana sunsunawa kamar zautacce. Wannan tsohon maiƙo ne, wannan ma tsoho, wannan ma. Sai ga sabo, baƙi, ɗanye, mai warin da ya sani! Ya bi shi kara bayan kara har wani tsohon ramin dabgi kusa da rafi, ya kwanta rub da ciki. Rana ta yi ja. Uwar ta fito ta tafi aikinta. Ya jira. Sannan wani kai ya leƙo, kunnen dama a tsaye, na hagu a yage, 'yan kawuna uku na turo shi daga baya.

Kenosi ya cusa hannun kwat a baki kada ihu ya kuɓuce.

Daga baya direban Otsile ya faɗa a wajen shan giya cewa karnukansu ba su kama komai ba, a kan kwalta motar ta take mai fatar, kusa da gadar busasshen rafi. Kenosi ya roƙi Malome ya ba shi hular ya duba. Ya juya ta, ya auna faɗin zanen da yatsa, ya miƙa masa yana murmushi. Shi dai har yau rantsuwa yake ƙaton nan ne na ƙetaren rafi. Malome ya ce ƙarya ne, duk tukwi zanensu ɗaya. In ka bi ta bayan shinge da la'asar za ka gan su kwance bayan suri, tsoho da hula mai wari, da Rra Masedi da jika a baya ɗaure da tsohon bargon nan, suna musu cikin raɗa kada su tada Maƙwabci.